Fagen Garke Ya Tsira, Saura a Sa a Takarda

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tsara Gari da Rabon Filaye na yankinmu, tare da sauran 'yan kwamitinsa.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Yaya gajiyar zuwa wurinmu? Allah ya huce ta.

Sunana Umaru, an fi sanina da Umaru Tela. Gidanmu da shagona suna bakin Fagen Garke a garin Ruwan Kaiwa, kan hanyar da ta taso daga Anka ta nufi Gummi. Idan ka tuna wani dogon mutum da ya yi ta cika maka ƙwaryar fura, kana cewa ta isa yana ƙarawa, to ni ne.

Na zaɓi in rubuto a fili maimakon in liƙe ambulan in ba masinja, saboda abin da ya same mu a fili ya faru, abin da ka yi mana kuma a gaban jama'a ka yi shi. Ba zan ɓoye ba, cikin murna nake rubutun nan. Filinmu da aka so mayarwa tashar mota ya tsira. Tun da nake ban taɓa ganin talakawan unguwarmu sun ja da takardar ofis sun yi rinjaye ba, sai wannan karon. Amma murnar tana da saura, shi ya sa zan bi maganar daga tushe, don wanda zai gaje kujerarka ya san yadda aka yi.

Na farko: abin da filin yake.

A taswirar ofishinku an rubuta cewa fili ne da babu kowa, babu mai shi. Na gani da idona, akawunku ne ya nuna mini da bakin biro. Gaskiya ne babu mai shi, domin na kowa ne.

Tun kakanninmu, a garin nan ba kowane gida ke fita kiwo ba. Gari ke ɗaukar makiyayi guda, a yanzu Buba ne da 'yan'uwansa, Fulanin da rugarsu ke bayan gari tun kafin a haife ni. Da rana ta fito, kowane gida sai ya kwance shanunsa da tumaki da awaki ya kora su fage. Nan suke haɗuwa, Buba ya tasa su gaba zuwa daji. Kafin magariba ya dawo da su, kuma iyakarsa fage. Daga nan ba mai riƙe igiya, ba mai ɗaga sanda. Kowace dabba ita ke ware kanta daga cikin garke, ta ratsa filin, ta shiga lungunsu, ta tsaya ƙofar gidansu. Tsohuwa tana zaune bakin zaure, saniyarta za ta zo ta same ta. Wanda ya tafi cin kasuwar Bukkuyum bai dawo ba, akuyarsa za ta riga shi shiga gida. Da haka gwauruwa da gajiyayye da malamin da ba shi da lokacin kiwo suke iya ajiye dabba su ci moriyarta.

A filin ne kuma mata ke sussuka bayan kaka, nan ake sallar jana'iza idan mutane sun fi ƙarfin ƙofar masallaci, nan samari ke kokawa. Duk waɗannan za a iya nema musu wani wuri in an matsa. Garke ne ba ya matsuwa, don dabba ba ta karanta sanarwa. Hanyar da uwarta ta bi da ita, ita ta sani.

Na biyu: yadda aka fara, da batun turakun da aka yi ta yi mana gori a kai.

Shekarar da ciwon bushiya ya shigo ya kwashe mana shanu, malaman dabbobi sun zo sun yi wa waɗanda suka rage allura a fagen nan. Sun sha wahala, don babu inda za a ɗaure saniya. Da za su tafi suka ce in Allah ya yarda za a kawo mana turaku masu ƙarfi saboda gaba. Muka ce Allah ya ba da iko.

Ba a daɗe ba sai ga motar ofis da masu awo. Da hantsi suka iso, garke ya riga ya shiga daji, fage fayau ba komai sai kashin shanu. Suka ja sarƙarsu, suka leƙa na'urarsu, suka bi filin suna kafa turakun ƙarfe masu jan fenti a kai. Mai unguwa ya je ya gaishe su ya tambaya, suka ce aikin gwamnati ne. Kafin azahar sun tafi.

To, ranka ya daɗe, me kake so mu zata? An yi mana alkawarin turaku, ga turaku a wurin dabbobi, ga mai kafawa ya ce gwamnati ce. Kafin a yi la'asar mata sun ɗaure maruƙa a jikinsu. Da aka ga wasu an kafa su cikin rana tsaka, aka ce lallai waɗannan ma'aikata ba su san maraƙi ba, aka ciro su aka mayar inuwar tsamiya, aka jera su tsaf. Mai unguwa har ya tura mutum ofishinku ya kai godiya, aka kuma karɓi godiyar ba a tambayi ta mece ce ba.

Da masu awo suka dawo suka tarar da alamominsu duk sun taru ƙarƙashin itace guda, kowace da maraƙi a wuya, babbansu sai da ya cire hula ya fyaɗa a cinya. Aka ce mun lalata kayan gwamnati, aka ce za a kira 'yan sanda, aka yi ta ba da labarinmu a ofisoshi ana dariya. Mu ma yanzu muna dariyar. Amma kunya ba mu ji ba. Ranar da aka zo faɗan ne muka fara jin cewa turakun nan iyakar tashar mota ce da layin shaguna, kuma hanyar shiga tashar za ta ɓallo daga kwalta ta bi ta ƙofofin gidajenmu. Da an tara mu an faɗa mana tun farko, da ba mai taɓa ko guda. Ni tela ne, ban taɓa yanka wa mutum riga ba tare da na tsayar da shi na auna ba. Mu an yanka mana tamu muna cikin gida ba mu sani ba.

Na uku: abin da motoci suka yi mana, da abin da ya sami gidanmu.

Tun ba a zuba ko kwandon tsakuwa ba, wani ya riga ya gaya wa direbobi cewa nan ne sabuwar tasha. Manyan motocin auduga da na hatsi suka fara sauka daga kwalta suna kwana a fage. Tifofin yashi suka biyo, 'yan kamasho suka kafa benci, masu gyara suka riƙa zubar da baƙin mai a ƙasa. Da safe dai da sauƙi, yawancinsu sun tashi. Matsalar ta yamma ce, don lokacin da direba ke neman wurin kwana shi ne lokacin da garke ke dawowa.

Dabbobin da suka saba ratsa fili a natse suka riƙa tarar da bangon motoci a gabansu, ga ƙaho, ga hayaƙi. Suka rikice. Akuyar wannan ta kwana gidan wancan, tunkiya ta bi kwalta ta nufi hanyar Anka, maƙwabtan da ba su taɓa sa-in-sa ba suka fara zargin juna. Mutane suka koma barin sana'arsu tun la'asar suna tsayuwa bakin fage da igiya. Ni kaina na sha barin ɗinki a kan keke in fita tare hanya.

Mahaifiyata, wadda duk unguwa ke kira Inna, shanu biyu bushiya ta bar mata: wata saniya mai farin goshi da take kira Wule, da 'yarta karsana. Wule ce nononta, ita ce man miyarta, ita ce abin da take ba jikoki ba sai ta tambaye ni ba. Tun rasuwar mahaifinmu ban taɓa ganin ta yi hira da wani mahaluƙi kamar yadda take yi da saniyar nan ba.

Wata ranar kasuwa da yamma, Wule ta ware daga garke ta nufo gida kamar kullum, karsanar na biye da ita. Wata tifa tana ja da baya don ta gyara tsayuwa. Direban bai ga Wule ba. Inna tana zaune bakin zaure da ƙwaryar dusa a hannu, a gabanta aka yi. Ni ina shago, ihunta na ji. Kafin in iso ƙashin bayan saniyar ya karye, sai wuƙa aka nema aka yanka don kada ta tafi a banza.

Ban riƙe direban a zuciya ba. Ya sauko, ya durƙusa gaban Inna yana rantsuwa cewa shi an ce masa tasha ce. Gaskiya ya faɗa. Wanda ya zana tasha a kan hanyar garke shi ya kashe Wule, ko da bai taɓa riƙa sitiyari ba. Na ji zafin abin ƙwarai, har yau in na tuna ƙwaryar dusar nan a kife a ƙasa sai raina ya ɓaci.

Daga ranar Inna ta ɗaure karsanar a tsakar gida, ta ce ba ta ƙara taka fage. Na lallashe ta, Buba ya zo har gida ya lallashe ta. Amsarta guda ce: "Ba ni sakinta. Wadda nis saki, ina ta?" Haka muka shiga saye da roƙon harawa, karsana tana ramewa a turke, da yamma ta ji kukan garke ta yi ta jan igiya. Tsohuwar da ƙafa ke damunta ta koma bin bakin gonaki tana yankan ciyawa, in na hana ta sai ta yi fushi ta ƙi cin abinci. Ba gidanmu kaɗai ba, gidaje da dama sun sayar da 'yan awakinsu a kan ba su iya wannan wahala.

Na huɗu: zuwanmu ofis.

Mun zo, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, da mai unguwa da liman da wasu dattawa. Wani zuwan a ce kana Sakkwato, wani zuwan a ce ana taro. Da muka sami akawu sai ya ce an riga an zana, kuma ci gaba ne aka kawo mana. Ba mu ce ba mu son tasha ba. Wa zai ƙi mota ta tsaya garinsu? Ni da nake zuwa Gusau sayen yadi na fi kowa sanin wahalar tsayuwa bakin titi da kaya. Abin da muka ce shi ne akwai fili a mararraba, bayan gari, inda ba gida ba garke. Aka ce can ya yi wa masu shaguna nisa. A nan muka gane cewa tun kafin a tambayi masu unguwa an riga an yi wa wasu alkawarin shaguna. Ba zan kama suna ba, sun san kansu, mu ma mun san su.

Daga ƙarshe muka rage roƙonmu ya koma guda: kwamiti ya zo ya ga filin da idonsa, da yamma. Ranar da muka dace da kai a bakin mota, ka saurare mu a tsaye, ka ce za ku zo. Na yaba maka wannan. Sai dai da saƙo ya iso, an ce da azahar za ku zo, ku duba ku wuce Gummi. Azahar kuwa ita ce lokacin da fage ya fi kama da abin da aka rubuta a taswira.

Na biyar: ranar da kuka zo. A nan akwai abin da ya kamata ka ji daga bakinmu.

Ranka ya daɗe, da gangan muka tsare ku. Ina faɗa da babbar murya, kuma duk unguwa ta ce in faɗa.

Mun zauna mun yi shawara. Ba mu da ikon canza muku lokaci, amma mun san abu guda: ɗan ƙasar nan, kome girman kujerarsa, ba ya tashi ya bar abinci a gaban dattawa, ba ya katse gaisuwar tsoho, ba ya jin kiran salla ya shiga mota. Da wannan muka yi aiki. Aka share gindin tsamiyar da ke tsakiyar fage, aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujeru. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi. Matan unguwa tun safe suke daka.

Kun iso kun zagaya filin, babu komai sai motoci biyu-uku da rana. Na ga ɗaya daga cikinku yana duba agogo. Kuna juyawa wajen mota mai unguwa ya sha gabanku ya ce, "Ranka shi daɗe, ba a barin garinmu da yunwa. Ku zamna, abinci na tahe." Abincin kuwa yana nan a shirye, amma aka ce a fara da ruwa. Bayan ruwa fura. Bayan fura aka ɗan jinkirta, sannan tuwo ya fito, akushi bayan akushi, ba a kawo na biyu sai an ga bayan na farko. Kuna wanke hannu ladan ya kira la'asar, kuma ban taɓa jin liman ya natsu a salla kamar ranar ba, Allah ya karɓa. Da aka idar sai dattawa suka fara zuwa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa sai ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi hanya, ya tambayi damina, ya koma kan gida. Akwai tsohon da ya san kakanka, ko dai ya ce ya san shi, shi kaɗai ya kusa kai mu lokacin dawowar garke. Na ga kana murmushi, ina jin tun a lokacin ka gane, amma ka zauna. Wannan zaman naka shi ne alherin da ba za mu manta ba.

Rana ta yi sanyi, motocin kwana suka fara saukowa daga kwalta kamar yadda suka saba. Sai ga kukan shanu daga yamma da gari. Ba wanda ya ce muku komai, mun yi alkawari tsakaninmu ba mai buɗe baki.

Garke ya shigo. Buba ya tsaya bakin fage ya rataya sandarsa a kafaɗa, iyakarsa ke nan. Dabbobi suka bazu ta kowace fuska, suka ratsa ta gabanku da bayanku, suka kewaye motar ofis har direbanku ya ɗage gilashi. Waɗanda hanyarsu ke buɗe suka wuce kai tsaye, kowace ta shige lungunta. Waɗanda motoci suka tare wa hanya suka tsaya cirko-cirko suna kuka, wasu suka juya suka nufi kwalta, mata da tsofaffi suka bi su da gudu. Wata gingimari da ta shigo da auduga ta taka birki da ƙarfi, saura kaɗan ta hau kan tumaki, har ɗaya daga cikin mutanenka ya miƙe yana salati.

Kai ma ka miƙe. Na ga ka bi wata jar akuya da ido tun daga tsakiyar fili har ta sa kai ta ture ƙyauren gidansu ta shiga. Ka tambayi wa ke kai su gida, mai unguwa ya ce ba kowa. Ka tambaya ko kullum haka ake yi, aka ce tun kafin a haifi kowa a nan. Sannan idonka ya kai ƙofar gidanmu, inda Inna ke zaune ita kaɗai ba ta jiran komai. Ka tambaya, aka gaya maka. Ka taka da ƙafarka har wurinta, ka rage tsawo ka gaishe ta, ka ce ko tana da abin faɗa.

Ta ce, "Ni ba ni da abin hwaɗi ga gwamnati. Sanuwata ta san ƙohwar gidanmu, ba ta ɓace hanya ba. Ku kunka aza mata mota bisa hanya."

Da ka dawo gindin tsamiya ba ka ko zauna ba, ka ce a gaban kowa ba za a yi tasha a nan ba, a kai ta mararraba, kuma daga gobe kada motar da ta sake kwana a fage. Ranka ya daɗe, guɗar da matan unguwarmu suka yi, na tabbata an ji ta a rugar su Buba. Tsofaffi suna kuka suna dariya. Liman ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai da ya jira hayaniya ta lafa. Ni da ba na rawa, ranar sai da aka riƙe ni. Na ji daɗi irin wanda ban ji ba tun ranar da aka haifa mini ɗan fari.

Maganarka ta yi aiki. Motoci sun koma mararraba, an kwashe benci, ruwan sama ya wanke baƙin man. Direbobin ma sun ce can ya fi musu sauƙin juyawa. Waɗanda suka ce talaka ba ya ja da taswira yanzu su ke fara ba baƙi labarin.

Na shida: abin da ya rage, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Har yanzu hukuncin nan a baki yake. Wanda ya je ofishinku kwanan nan ya ce tsohuwar taswirar tana nan a bango, da tasha a tsakiyar fagenmu. Masu jiran shaguna kuma ba su haƙura ba, ana ganinsu suna zagaya filin da yamma suna nune-nune. Sun san ma'aikaci ana yi masa canjin wurin aiki, takarda kuwa tana nan inda aka bar ta. Saboda haka, da yawun mutanen unguwa, ina roƙo:

A soke tsohon zanen, a yi sabo, a rubuta a kai cewa wannan Fagen Garke ne na jama'ar gari, ba a yanka shi, ba a gini a cikinsa. A ba mai unguwa kwafi, a kuma sa mai shela ya faɗa ranar kasuwa don kowa ya zama shaida.

A kafa allon gargaɗi a kan kwalta, gabas da yamma da inda garke ke tsallakawa, a kuma yi wani abu da zai tilasta wa direba rage gudu. Tun da aka gyara hanyar nan motoci ba su san akwai gari a wurin ba.

A kai wa sabuwar tasha rijiya da rumfa. Direbobi ba abokan gabanmu ba ne, in sun sami ruwa da inuwa a can ba abin da zai dawo da su nan.

Sannan, ranka ya daɗe, mun ji ana shirin irin wannan awo a wasu garuruwa, har wajen Gwashi. Don Allah duk filin da za a auna, a je a gan shi da sassafe, a koma a gan shi da yamma, a kuma tambayi matan da ke bakinsa. Ba kowace unguwa ce za ta iya tsare kwamiti da tuwo ba.

Game da Wule, ban nemi diyya ba, ba kuma zan nema ba. Inna ta ce ta bar wa Allah.

Kafin in rufe, akwai labarin da nake so ya iso gare ka. Bayan motoci sun tashi, Inna ba ta saki karsanar nan take ba. Ta yi kwanaki tana zama bakin zaure safe da yamma tana kallon fage, kamar mai jiran a ce wasa ake yi. Ran nan da safe ina buɗe shago sai na gan ta ta fito da igiya a hannu, karsana na biye. Ta ƙi in karɓa. Da ƙafarta mai ciwo ta kai ta har tsakiyar fili, ta kwance igiyar da kanta. Buba ya ce, "Inna, kwantar da ranki. In ta ɓace, laihina na." Inna ta juyo gida.

Yinin ranar ba ta ci komai ba. Ni ma tsoro nake ji, don dabbar ta daɗe a ɗaure, kuma ba ta taɓa dawowa gida ba sai a bayan uwarta. Da garke ya shigo na bar keke na fito. Shanu suka watse, kowace ta kama hanyarta, fili ya fara yin fayau. Karsanar ta tsaya ita kaɗai a tsakiya, tana juya kai, ta yi kuka sau ɗaya. Na ɗaga ƙafa zan je, Inna ta riƙe mini riga. Can sai karsanar ta sunkuyar da kai ta taho, a hankali, ta bi ta daidai inda tifa ta tsaya ranar nan, ba ta ko karkace ba, har ta zo ta sa hanci cikin ƙwaryar da ke cinyar Inna.

Inna ta daɗe tana shafa mata wuya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Umaru, kai da ka iya boko, ka ce ma mutumen nan shi rubuta. Ni na tsuhwa, shi ko ana ɗauke shi a kai wani wuri. Wagga kuwa za ta haihuwa."

Saƙonta ke nan, ranka ya daɗe, na kuwa isar.

Allah ya saka maka da alheri a kan zaman da ka yi da maganar da ka faɗa. Allah ya ba ka ikon cika ta da alƙalami, ya tsare ka daga masu zuga, ya sa ka gama aiki lafiya, ya albarkaci zuriyarka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana mutane da dabbobi a kan hanya.

Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Umaru Tela,
Bakin Fagen Garke, Ruwan Kaiwa.